Ƙaiƙayin da ya ƙi ƙarewa a jikin yara: yadda ake ba da maganin antihistamin

Da zarar hunturu ya sauka a Jos, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, kukan yara da dare yana ƙaruwa a gidaje da yawa. Garin yana kan tudu, tsayinsa ya kai kimanin mita 1,200, ga sanyi ga busasshiyar iska, fatar yaro sai ta yi fari fat ta fara tsagewa. Abin da yawancin iyaye ke yi shi ne a aika kemis a ce, "Malam, a ba da Piriton na yara." Yaro ya sha, barci ya ɗauke shi, gida ya samu sukuni, a ce magani ya yi aiki. Gobe da dare a sake. Wasu yaran haka ake yi musu wata da watanni.

Barcin nan ba waraka ba ne. Antihistamin, wato rukunin magungunan ƙaiƙayi da Piriton ke ciki, magani ne mai kyau, amma akwai ƙaiƙayin da yake kashewa sarai, akwai wanda kusan ba ya taɓa shi. Kuma cikin magungunan da ke wannan rukuni, wanda aka fi saya a unguwanninmu ba shi ne ya fi dacewa da yaron da zai daɗe yana sha ba.

Mataki na 1: Ki gane wane irin ƙaiƙayi ne

Nan aikin yake, don haka kada a yi gaggawa. Ki tuɓe wa yaron riga a wuri mai haske, ki duba jikinsa daga wuya har tafin ƙafa.

Idan jikin ya yi ruɗu-ruɗu, wurare sun ɗago kamar shatin bulala ko cizon ƙwaro, suna fitowa nan su ɓace su ɓullo can, wannan borin jini ne. Ga gwaji mai sauƙi: ki ɗauki biro ki zagaye guda biyu ko uku, ki duba gobe war haka. A borin jini za ki tarar cikin da'irar ya kwanta sumul, babu tabo, sabbi kuma sun fito a wani wurin, domin kowane kumburi ɗaya ba ya wuce awa 24. Wani lokaci leɓe ko fatar ido ta kumbura tare. Idan abin ya haura mako 6 yana zuwa kusan kullum, likitoci na kiransa borin jini mai naci. Wasu yaran sanyi ne ke tayar musu, wasu kuma da an karce fatar da farce sai shatin ya ɗago. Wannan shi ne ciwon da antihistamin ya fi iyawa.

Idan kuwa fatar a bushe take, ta yi kaushi, ta yi duhu ko toka-toka, ciwon kuma yana zaune a wuri ɗaya, kamar lanƙwasar gwiwar hannu, bayan gwiwa da wuya, ko kumatu a jarirai, wannan shi ne abin da likitoci ke kira egzima. A baƙar fata ba kasafai ake ganin ja ba, sai ƙananan ƙuraje tsit-tsit da kaurin fata saboda susa. Sau da yawa za a samu mai asma ko mai yawan atishawa a dangi. A nan antihistamin ɗan rakiya ne kawai, zan dawo kansa.

Akwai kuma yaran da cizon sauro, ƙuma ko kuɗin cizo ke zame musu ƙuraje masu tauri a ƙafa da hannu, su yi kwanaki, su bar baƙin tabo. Antihistamin na rage musu susa, amma sai an haɗa da gidan sauro, dogon wando da yamma, da duba katifa.

Sai waɗanda ba su da alaƙa da wannan magani ko kaɗan. Idan ƙaiƙayin ya fi tsanani da dare, akwai ƙuraje a tsakanin yatsu, wuyan hannu da gindin cibiya, kuma wasu a ɗakin ma suna susa, ƙazuwa ce. Maganinta na shafawa ne, kuma duk mutanen gida za a yi wa a rana ɗaya. Makero a kai da ƙyasfi a wuya ko baya su ma maganinsu daban. Wanda ya yi ta ɗura wa mai ƙazuwa Piriton ya ɓata kuɗi ne, cutar kuma tana bin sauran yara.

Mataki na 2: Ki san yadda maganin ke aiki

A cikin fata akwai wasu ƙwayoyin halitta da ke ajiye da wani sinadari mai suna histamin. Idan suka fashe suka sake shi, sai ya je ya manne a jikin jijiyoyin jini da jijiyoyin ji. Jijiyoyin jini su buɗe, ruwa ya tsattsafo ƙarƙashin fata ta kumbura, jijiyar ji kuma ta kai saƙon ƙaiƙayi. Antihistamin ba ya hana a saki sinadarin. Abin da yake yi shi ne ya riga shi zama a wurin, kamar fasinjan da ya riga ka kama kujera a mota: ka zo ka tarar babu wuri. Shi ya sa a borin jini mai naci ake shan maganin kullum a kan lokaci, ba sai jiki ya tashi a ruga neman kwalba ba.

Mataki na 3: Zaɓen magani

Iri biyu ne. Na dauri su ne masu sa barci, saboda suna shiga ƙwaƙwalwa: kulofeniramin, wato Piriton, da furometazin, wato Phenergan, da makamantansu. Na baya-bayan nan kuwa ba sa shiga ƙwaƙwalwa sosai, kuma shan sau ɗaya ko biyu ya wadatar a yini. Waɗanda aka fi samu a kantunan magani na Jos su ne setirizin, wanda za ki ga an rubuta Cetirizine a jikin kwali, da loratadin, wanda ake rubutawa Loratadine. Akwai kuma Desloratadine, Levocetirizine da Fexofenadine.

Ga yaron da zai yi makonni yana sha, na baya-bayan nan ake zaɓa. Ƙa'idojin likitocin fata na duniya a kan borin jini haka suka tsaya, ni ma a kan haka nake ba tare da wata tantama ba. Masu sa barci suna bin yaro har gari ya waye. Ya je makarantar boko da safe yana gyangyaɗi, da yamma a Islamiyya hadda ta ƙi zama, a yi ta yi masa faɗa ana cewa ya cika lalaci, alhali magani ne a jikinsa. Suna busar da baki, suna kawo taurin bayan gida, wasu yaran ma maimakon barci sai su birkice da kuka da rigima. Kuma idan aka wuce ƙima suna da haɗari ga numfashi da bugun zuciya.

Abubuwa biyu kada a manta da su. Ba a ba yaron da bai kai shekara 2 ba Phenergan, domin yana iya danne masa numfashi har ya rasa ransa. Piriton kuma ba a ba wanda bai cika shekara 1 ba. Idan yaro yana da farfaɗiya, ciwon ƙoda ko ciwon hanta, a sanar da likita kafin a fara kowanne.

Bari in ɗan ratse. Akwai wani antihistamin mai suna Cyproheptadine da ake sayarwa a matsayin maganin buɗe ciki da sa ƙiba. Shi ma mai sa barci ne. Yaron da ake ba shi don ya ci abinci, aka kuma ƙara masa Piriton don ƙaiƙayi, ya sha magani iri ɗaya ninki biyu ke nan. Haka yawancin magungunan tari da mura na yara, akwai antihistamin a ciki. Ki juya kwalbar ki karanta, ko ki kai wa mai harhaɗa magunguna ya duba miki.

Mataki na 4: Awo

Waɗannan su ne awon da aka saba rubutawa. Na kawo su ne don ki iya gane abin da aka rubuta miki, ba don su maye gurbin likita ba.

Setirizin na ruwa galibi miligiram 5 ne a kowace mililita 5. Ɗan shekara 2 zuwa 5 yana shan miligiram 2.5 sau biyu a rana, wato mililita 2.5 safe da dare. Ɗan shekara 6 zuwa 11, miligiram 5 sau biyu a rana. Daga shekara 12, ƙwaya ɗaya mai miligiram 10 sau ɗaya a rana.

Loratadin da nauyi ake auna shi daga shekara 2. Yaron da bai wuce kilo 30 ba, miligiram 5 sau ɗaya a rana. Wanda ya haura kilo 30, miligiram 10. Don haka a ɗora shi a kan sikeli, kada a ƙiyasta da ido.

Wanda bai kai shekara 2 ba, likita ne kaɗai zai zaɓa masa magani da awo.

Cokalin shayi na gida ba ma'auni ba ne, wani ƙarami wani babba. Ki yi amfani da murfin awo da ya zo da kwalbar, ko ki sayi sirinji mai mililita 5, a cire allurar. Ki zuƙo maganin, ki ɗaga sirinjin daidai idonki ki ga layin, sannan ki zuba a gefen kuncinsa a hankali yana zaune. Ki duba ƙarfin maganin a jikin kowace sabuwar kwalba, domin wanda ake bayarwa ɗigo-ɗigo ya fi wanda ake aunawa da murfi ƙarfi nesa ba kusa ba. A tsayar da mutum ɗaya mai ba da magani a gida. Yakan faru uwa ta ba da safe, kaka ta ga jikanta yana susa ta ce, "Kawo maganin nan in ƙara masa," da dare kuma uba ya dawo ya sake bayarwa. Idan an manta awo ɗaya, kada a ninka na gaba.

Setirizin yakan ɗan sa wasu yara barci duk da haka. Idan kin lura, ki faɗa wa likita, a mayar da shi dare ko a canza zuwa loratadin. Fexofenadine kuma da ruwa ake shansa, ruwan lemo ko na tuffa yana rage shigarsa jiki.

Mataki na 5: Inda za a saya

Mutanen Jos sun san zafin gurɓataccen maganin ruwa. A 1990 yara 47 suka rasu a asibitin koyarwa na garin nan bayan sun sha farasitamol na ruwa da aka gurɓata da wani sinadari mai guba da ke kashe ƙoda. A 2008 irin wannan guba ta sake kashe yara da dama a Najeriya ta cikin maganin fitar haƙori. Saboda haka ki sayi magani a kantin da ke da rajista, cikin kwalinsa, da lambar NAFDAC, da ranar ƙarewar aiki a rubuce. Idan akwai wurin kankarewa, ki kankare ki aika lambar ta waya. Kada ki karɓi maganin da aka tsiyaya a wata kwalba, ko ƙwayoyin da aka haɗa a leda babu suna. A cikin irin wannan haɗin sau da yawa ake jefa Prednisolone ko Dexamethasone. Suna kwantar da ƙaiƙayi nan take, shi ya sa ake yabon mai kemis, amma idan yaro ya daɗe a kansu fuska ta kumbura, girma ya tsaya, garkuwar jiki ta yi rauni. Likita kan ba da su na 'yan kwanaki idan abu ya yi tsanani, ba na kullum ba ne.

Mataki na 6: Idan borin jini ne, ga yadda ake tafiya

A fara da awon da aka saba, kullum, lokaci ɗaya, ko da fata ta yi lafiya lau. Ki samu ɗan littafi ki riƙa rubutawa kowane dare: yawan kumburi daga 0 zuwa 3, tsananin ƙaiƙayi daga 0 zuwa 3. A ƙarshen mako ki tara, mafi yawa 42. Da wannan lissafi likitoci ke auna ciwon, kuma ya fi "da sauƙi" ko "babu sauƙi" amfani. Ki ɗauki hoto da waya lokacin da jikin ya tashi, domin sau da yawa kafin layi ya zo kanku a asibiti komai ya kwanta.

Bayan mako 2 zuwa 4, idan babu canji, a koma wurin likita. Yana iya ƙara awon, a wasu yaran har ninki huɗu, gwargwadon shekaru da nauyi. Wannan ƙari a magungunan baya-bayan nan kaɗai ake yinsa, kuma da hannun likita. Kada wani ya ji wannan ya ninka Piriton a gida. Idan hakan ma bai yi ba, akwai wata allura mai suna Omalizumab da ake yi wa waɗanda suka kai shekara 12, amma tana da tsada kuma aikin ƙwararru ne. A nan sai a nemi a tura ku wurin likitan yara ko likitan fata a manyan asibitoci, irin su Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, ko Asibitin Ƙwararru na Jihar Filato, ko asibitin Jankwano.

Batun abinci yana damuna ƙwarai. Da yaro ya fara borin jini sai a hana shi ƙwai, kifi, madara, gyaɗa, wake, a bar shi da koko da tuwo. Borin jinin da ya wuce mako 6 yana zuwa kullum, da wuya abinci ne sanadinsa. Galibi garkuwar jiki ce ke tsokanar fatar da kanta. Wanda abinci ke kawowa yana fitowa ne cikin mintoci zuwa awa biyu bayan ci, kuma duk lokacin da aka ci abin sai ya dawo. In ba ki ga haka ba, kada ki tauye yaro mai girma. Abin da ya fi kyau a kula da shi: Ibuprofen da asfirin suna tayar wa wasu da ciwon, don haka idan zazzaɓi ya zo a ba da farasitamol. Matsattsun kaya, ruwa mai zafi sosai, da fita cikin sanyin asuba babu rufi ga wanda sanyi ke tayar masa, duk suna ƙara shi. Likita kuma zai iya duba jini da bayan gida saboda tsutsar ciki.

Idan da'irar biron nan ta wuce kwana guda kumburin bai kwanta ba, yana zafi maimakon ƙaiƙayi, yana barin tabo kamar an doki wurin, ko akwai zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi, wannan wani abu ne daban. A kai shi asibiti.

Mataki na 7: Idan egzima ce, fata ake yi wa aiki

Ƙaiƙayin egzima ba histamin ne babban mai kawo shi ba. Fatar ce ba ta riƙe ruwa, ta bushe, ta ƙuna daga ciki. Shi ya sa za a sha kwalba bayan kwalba yaro yana ta susa.

Wanka sau ɗaya a rana da ruwa mai ɗumi-ɗumi, na mintoci kaɗan. Na san a sanyin Disamba ba wanda ke son jin wannan, amma ruwan da ke tururi yana wanke man fata tas. A ajiye soso. A daina zuba Dettol a ruwan wanka, a bar sabulai masu magani da masu ƙamshi. Ana fitowa ki daddanna tawul a jiki, kada ki goge, kuma kafin fatar ta gama bushewa ki shafa basilin marar ƙamshi ko man kaɗanya tsantsa, da yawa, har jikin ya yi sheƙi. A sake shafawa da rana da kuma kafin barci. Rigar sanyi ta ulu, irin wadda ake samu a gwanjo, kada ta taɓa fata kai tsaye: a sa rigar auduga a ciki, kuma a wanke ta a ɗauraye sosai kafin a fara sawa. A yanke farce duk mako. Kalamin, wannan farin ruwan da ake shafawa, yana ƙara busar da fatar mai egzima.

Inda ciwon ya tashi, likita zai rubuta man shafawa mai rage ƙunar fata, galibi Hydrocortisone mai kashi 1 cikin 100 ga fuska da ƙananan yara. Awonsa: ki matso man a kan ɗan yatsanki manuni daga kai zuwa gaɓar farko, wannan ya isa wuri mai faɗin tafin hannun babba biyu. Ana shafawa na kwanakin da aka ƙayyade. Abin da ba a yi shi ne sayen man nan mai haɗin magani uku, irin su Funbact-A ko Skineal, a kwaɓa da man shafawar jariri ana shafa masa kullum. Sinadarin da ke ciki ya fi ƙarfin fatar yaro, yana sirantar da ita, ya ɗashe launinta, ya kuma ratsa cikin jini.

To ina wurin antihistamin a nan? Wuri biyu. Idan yaron yana da borin jini ko yawan atishawa tare da egzimar, setirizin ko loratadin zai taimaka, kuma likita na iya gwada shi na wata guda ya ga ko susa ta ragu. In ba ta ragu ba a daina. Na biyu, idan ciwon ya tashi har yaro da iyayensa ba sa runtsawa, likita na iya ba da mai sa barci da dare na mako ɗaya zuwa biyu, kafin man shafawa ya kama aiki. Iyakarsa ke nan. Man antihistamin na shafawa kuwa a bar shi, yana iya jawo wa fatar wani sabon ƙaiƙayin.

Idan wurin ya fara tsattsafo da ruwa, ya yi ɓawo rawaya, ko ƙuraje masu ruwa suka feso lokaci ɗaya da zazzaɓi, ƙwayar cuta ta shiga, a je asibiti a ranar.

Lokacin da ba a jiran sirinji

Harshe ko maƙogwaro ya kumbura, murya ta shaƙe, numfashi yana fita da ƙyar ko da ƙara, yaro yana amai a jere, ya yi laushi ko ya suma: a ɗauke shi zuwa sashen gaggawa na asibiti mafi kusa nan take. Allurar adirenalin ce ke ceto a wannan hali. Antihistamin ba ya buɗe maƙogwaro, kuma kafin ya fara aiki lokaci ya tafi. Haka idan yaro ya samu kwalba ya shanye, ko da bai nuna alamar komai ba, a tafi da shi tare da kwalbar. Magungunan nan suna da zaƙi, don haka a ajiye su a sama inda hannu ba ya kaiwa.

Mataki na 8: Dainawa

Borin jini mai naci yakan tafi da kansa, a wasu cikin watanni, a wasu sai an yi shekaru. Idan littafinki ya nuna sifili mako bayan mako, ki kai wa likita ku tsara ragewa: daga sau biyu zuwa sau ɗaya, sannan a riƙa tsallake rana, sannan a tsaya. Ba a so a yanke lokaci ɗaya bayan an daɗe ana sha. A 2025 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa wasu ƙalilan da suka yi watanni suna shan setirizin ko Levocetirizine sun samu ƙaiƙayi mai tsanani kwanaki kaɗan bayan sun daina. Idan hakan ta faru, a koma wurin likita, galibi a mayar da maganin ne sannan a sauko a hankali. Kuma idan an sa muku ranar gwajin fata don gano abin da jikin yaron ba ya so, ki tambayi kwana nawa za a tsayar da antihistamin kafin ranar, domin yana ɓoye sakamakon gwajin.